Renon ƙananan tsirrai masu ajiyar ruwa: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke ta dawowa daga bakin masu renon ƙananan tsirran nan masu kaurin ganye da launi iri-iri, waɗanda masu sayarwa ke kira sakulen. An fara da na sabon shiga, aka gangara zuwa na wanda tukwanensa suka fara cika taga. Sunayen tsirran an bar su yadda masana ke rubuta su, domin da su za ka nema in ka tashi saye.

Wane irin tsiro ake nufi da mai ajiyar ruwa?

Duk tsiron da ke tara ruwa a ganyensa, ko karansa, ko saiwarsa, don ya rayu bayan ƙasa ta bushe. Ba dangi ɗaya ba ne. Tsirrai ne na zuriya daban-daban da fari ya koya wa dabara iri ɗaya, kuma an ƙiyasta nau'o'insu sun kai wajen 10,000. Kaktus na cikinsu, haka ma aloe da kariya da aguwa.

Ƙananan da ake tarawa saboda launi, yawancinsu daga wurare kaɗan suka fito. Echeveria da Graptopetalum da Pachyphytum akasarinsu 'yan Meziko ne. Haworthia, Gasteria, Lithops, Conophytum da Crassula da yawa daga kudancin Afirka suke. Aeonium akasarinsu na tsibiran Kanari ne, Sempervivum kuma na duwatsun Turai masu ƙanƙara. Riƙe wannan, domin rabin amsoshin da ke gaba ga asalin tsiron suke komawa.

Da wanne ya kamata sabon shiga ya fara?

Hasken da kake da shi ne zai zaɓa maka, ba hoton da ya burge ka ba. In wurin ajiyarka na samun rana ta sa'o'i 4 zuwa 6, fara da Graptopetalum paraguayense. Ganyensa toka-toka ne, yana juyawa ruwan hoda in ya sha rana, kuma ko ganye ɗaya ya faɗo kan ƙasa sai ka ga ya yi toho. Sedum rubrotinctum ma ba shi da rigima, dunƙulallun ganyensa ja suke yi jawur. Akwai kuma Crassula ovata, da Echeveria 'Perle von Nürnberg' wadda aka samar a Jamus a shekarun 1930 kuma har yau ba a daina yayinta ba.

In cikin ɗaki ne, haske ba ƙarfi, to Haworthia da Gasteria. A daji ma gindin duwatsu da ƙananan itatuwa suke fakewa. Lithops da Echeveria laui da masu ratsin fari a ganye, bar su tukuna sai hannunka ya faɗa.

Sau nawa zan ba su ruwa a mako?

Babu jadawali, kuma wanda ya ce maka "kowace Lahadi" bai ga tukunyarka ba. Ka'idar ita ce a jiƙa ƙasar sharkaf har ruwa ya zubo ta hujin ƙasan tukunya, sannan a ƙyale ta ta bushe ƙayau har can ƙasa, a ƙara mata kwana biyu ko uku, kafin a sake. A lokacin zafi mai bushewar iska hakan kan ɗauki kwana 5 zuwa 7. A lokacin sanyi ko laima yakan kai mako uku ko wata guda.

Don sanin ko ta bushe, soka siririn tsinken katako har gindin tukunya, ka bar shi minti ɗaya, ka zare. In ya fito da sanyi ko ƙasa ta manne masa, da saura. Bayan ɗan lokaci za ka gane daga nauyin tukunyar kawai in ka ɗaga ta. A kan ƙasa ake zuba ruwan, ba a tsakiyar ganye ba, kuma wanda ya taru a farantin ƙarƙashi a zubar da shi. Yayyafi da fesawa kullum ba su da amfani: saman ƙasa kawai suke jiƙawa, saiwa na can da ƙishi.

Ta yaya suke jure rashin ruwa haka?

Ban da ajiyar da ke cikin ganye, akwai dabarar numfashi. Yawancin tsirrai da rana suke buɗe ƙananan kafofin ganyensu su shaƙi iskar kabon dayoksaid, ruwa kuma na tsere musu ta nan. Yawancin waɗannan kuwa da dare suke buɗewa, lokacin da gari ya yi sanyi, su adana iskar a matsayin wani asid, gari na wayewa su rufe kafofin su yi aiki da ita cikin hasken rana. Masana na kiran tsarin CAM, harafin farko daga sunan dangin Crassulaceae aka ɗauko shi.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, girmansu a hankali ne, don haka kada ka ɗauka wani abu ya same su. Na biyu, suna bukatar dare ya fi rana sanyi. In dare ya yi ta yin zafi, aikinsu ya ja baya, shan ruwansu ya ragu, ruwan da ka zuba ya kwanta a tukunya. Duba amsar da ke kan barcin tsirrai da yanayi.

Yaya zan bambance ƙishi da ruwan da ya yi yawa?

Mai ƙishi ganyensa na ƙasa ke yamutsewa, ya yi laushi, amma launinsa bai ɓaci ba. Ka ba shi ruwa, cikin kwana biyu ko uku ya cika ya yi tauri. Wanda ruwa ya yi wa yawa kuwa ganyen kumbura yake, ya yi rawaya-rawaya, ya zama ruwa-ruwa har kana ganin haske ta cikinsa, kana taɓa shi ya faɗo.

Ga inda ake faɗawa rami: in saiwa ta ruɓe, tsiron ba ya iya shan ruwa, sai ya yamutse tamkar mai ƙishi alhali ƙasarsa a jiƙe take. Mai shi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa shi. Duk tsiron da ya yamutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, tumɓuke shi ka duba saiwar. Amma tsohon ganyen can ƙasa da ke bushewa ɗaya bayan ɗaya ya zama ƙamas, wannan ba ciwo ba ne, tsiron ne ke janye ruwansa ya yi sabon ganye.

Wace irin ƙasa suke so?

Wadda ruwa ke ratsawa nan take, iska kuma ke shiga. Saiwa numfashi take yi, kuma rashin iska ne ke kashe ta kafin ruɓa ta biyo baya. Ma'aunin farawa shi ne rabi ƙasar shuka, rabi tsakuwa. A wuri mai laima ko cikin ɗaki, kai tsakuwar kashi 70 cikin 100. Mafi kyau shi ne fumis, dutsen aman wuta mai ramuka marar nauyi, sai falayit, farin nan mai sauƙi da ake sayarwa a buhu. In babu su, ƙananan tsakuwa, da farfasasshen jan bulo, da ɗan gawayi za su yi. Girman ƙwayar ya kasance milimita 2 zuwa 5.

Rairayi mai laushi ba abokin tafiya ba ne, toshe ƙofofin iska yake yi, in ya haɗu da yumɓu kuma ya daskare. Tankaɗe shi da rariya, ka zubar da garin, ka riƙe tsakin. Gwajin yana da sauƙi: jiƙa haɗin, ka dunƙula a tafin hannu, ka saki. In ya wargaje, ya yi. In ya tsaya curi, ƙara tsakuwa.

Ƙasar da tsiro ke zuwa da ita daga wurin masu sayarwa galibi ta dace da gidan renonsu ne, ba da tagarka ba. Kakkaɓe ta, ka dasa a busasshen haɗinka, ka jira kwana 5 zuwa 7 kafin ruwan farko don saiwoyin da suka karye su warke.

Tukunya marar huji fa, in na zuba tsakuwa a ƙasanta?

Ba ta magance komai. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga tsakuwa sai ƙasar ta cika ta batse, don haka shimfiɗar tsakuwar matso da laima take yi kusa da saiwa. A huda tukunyar, ko a dasa a ƙaramar roba mai huji a saka ta cikin ta adon, a riƙa ciro ta ranar ban ruwa.

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafa wa ƙyalli ba ta fi yafiya, domin tana fitar da laima ta jikinta. Roba na riƙe ruwa, baƙar roba kuma na dafa saiwa a rana. Girmanta kada ya wuce faɗin tsiron da fiye da santimita 1 ko 2 a kowane gefe. Kwalbar gilashi mai murfi kuwa, kyanta a hoto ne kawai.

Tsirona ya miƙe, ya yi tsawo, ganyen ya rarrabu. Me ya faru?

Neman haske yake yi. Alamar farko ba tsawon ba ne: tsakiyar tsiron ke fara yin kore-kore fari, ganyen da da suke a tsuke su buɗe su sunkuya ƙasa. Daga nan kara ya fara ja, tazara ta shiga tsakanin ganye. Abin da ya miƙe ba ya komawa. Gyaransa shi ne a ƙara haske, in sabon kan ya tsuke a yanke shi a sake dasawa, kamar yadda aka bayyana a amsar yaɗa su.

A arewacin duniya tagar kudu ce mai rana, a kudancinta ta arewa. Kusa da tsakiyar duniya tagar gabas ta fi, saboda ranar safe. In fitila za ka sa, farar LED mai ƙarfi, santimita 15 zuwa 30 daga kan tsiron, sa'o'i 12 zuwa 14 a yini. Riƙa juya tukunyar don kada ya karkace.

Na saye shi ja da shunayya, yanzu ya koma kore. An yaudare ni ne?

Da wuya. Launin nan ba fenti ba ne da ke zaune daram, martani ne. In tsiro ya sha haske mai ƙarfi, ko ya ji sanyin dare, ko ruwa ya yi masa ƙaranci, sai ya samar da sinadaran kare kansa. A Echeveria da Sedum da danginsu, antosayanin ne ke ba da ja da shunayya da ruwan hoda. Karotinoyid na ba da rawaya da ruwan goro. Kaktus da dangin Lithops kuma betalen suke da shi. In ka kai shi inuwa, ka cika shi da ruwa da taki, bukatar kariyar ta kau, sai koren kulorofil, sinadarin da ganye ke haɗa abinci da shi, ya rufe komai.

Don dawo da launin, fara da haske, a hankali kamar yadda amsa ta gaba ta nuna. Sannan ka tsawaita tazarar ban ruwa har ganyen ƙasa ya fara ɗan laushi. Ka daina taki. Ƙaramar tukunya da ƙasa mai yawan tsakuwa suna taimakawa. Sanyin dare shi ne abin da ba ya hannunka, kuma shi ya sa launi ke fin kyau a lokacin da rana take fayau, dare kuma da sanyi. A wurin da dare ba ya sanyi, ba za ka samu irin jan da ke cikin hotuna ba duk ƙoƙarinka, kuma wannan ba gazawarka ba ce.

Akwai iyaka biyu. Kowane nau'i da launin da ke jininsa: Crassula capitella 'Campfire' kan yi ja gaba ɗaya, Echeveria agavoides 'Lipstick' bakin ganyenta kawai, Aeonium 'Zwartkop' ya yi duhu har kusan baƙi, wasu kuwa kore ne ko da me ka yi musu. Iyaka ta biyu, mai launi sosai ba ya girma sosai. Ƙaramin da kake so ya yi jiki, ko wanda bai daɗe da dasawa ba, bar shi ya yi korensa tukuna. A ganina tsiron da ke sauya kama da yanayi ya fi wanda aka matsa wa duk shekara daɗin kallo.

Rana na iya ƙona su?

Ƙwarai, musamman wanda ya saba da inuwa aka fitar da shi bagatatan. Ƙunar kan fito a matsayin tabo fari ko ruwan ƙasa a gefen da ke kallon rana, kuma ba ya gogewa sai ganyen ya tsufa ya faɗi. Fara da sa'a ɗaya ta ranar safe, ka riƙa ƙarawa har mako biyu. A wurare masu tsananin zafi, ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 50 na haske tana ceton su daga ranar tsaka. Wanda aka dasa jiya da wanda ba shi da saiwa, inuwa mai haske ce tasu.

Farar hodar da ke kan ganye, in goge ta?

A'a. Kaki ne da tsiron ke fitarwa, yana kare shi daga rana, yana sa ruwa ya gangare. Shi ke ba Echeveria laui da Pachyphytum oviferum wannan shuɗi-shuɗin fari. Inda yatsa ya taɓa, shaidarsa na nan har ganyen ya mutu, hodar ba ta dawowa sosai. Kama tsiron ta kara ko ta ƙarƙashin ganye. In farin ya taru wuri guda a lungun ganye yana da danƙo, wannan ba hoda ba ce, duba amsar ƙwari.

Masu launin shuɗi mai ƙyalli da kaktus mai jan kai, na gaske ne?

Shuɗi mai walƙiya, da ruwan zinariya, da mai ƙyalƙyali, duk fenti ne aka fesa. Yana toshe kafofin ganye ya tare haske, kuma sabon ganye da launinsa na asali zai fito. Haka ƙananan furanni busassu da ake gani a kan kaktus, waɗanda wata da watanni ba sa yaushi, sau da yawa da gam aka manna su. Irin shuka da ake tallatawa a intanet da hoton tsiro mai launin bakan gizo, hoton ne aka yi wa kwaskwarima.

Kaktus mai jan kai ko rawaya kuwa na gaske ne, amma tsiro biyu ne aka yi wa aure. Na saman, Gymnocalycium mihanovichii, ba shi da kulorofil, ba zai iya ciyar da kansa ba, shi ya sa aka ɗora shi kan koren karan wani kaktus mai suna Hylocereus. A Japan aka fara samar da shi a shekarun 1940, yanzu Koriya ta Kudu ce kan gaba wajen fitar da shi. Yakan yi 'yan shekaru ne kawai, domin girman na sama da na ƙasa ba ya tafiya daidai, sai dai a sake masa aure a kan sabon kara.

Suna bukatar taki?

Kaɗan. Takin ruwa a tsinka shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya ko biyu a lokacin girma. In kana sauya ƙasa duk shekara biyu, ko ba taki za su rayu.

Yaya ake yaɗa su?

Hanya mafi ban sha'awa ita ce ta ganye. Kama lafiyayyen ganye na ƙasa, ka karkaɗa shi hagu da dama har ya ɓalle ɗungurungum. In gindinsa ya yage ya saura a jikin kara, ba zai tsiro ba, domin a nan idon tohon yake. Ajiye shi a inuwa kwana 2 zuwa 4 bakin ya bushe, sannan ka kwantar da shi a kan ƙasa, kada ka binne. Cikin mako 2 zuwa 4 za ka ga siraran saiwoyi ruwan hoda, sai ɗan mitsitsin toho a gefensu. Uwar ganyen ce ke shayar da shi har ta bushe ƙamas. Daga lokacin da saiwa ta fito ka riƙa ɗan jiƙa ƙasar. Ba duka za su kama ba, don haka ɗebi da yawa.

Echeveria, Graptopetalum, Sedum da Pachyphytum suna yin haka cikin sauƙi. Aeonium ta yankan reshe ya fi kamawa. Sempervivum da Haworthia 'ya'ya suke fitarwa a gindi, a jira su kai kamar sulusin uwar a raba.

Wanda ya miƙe kuma, yanke kansa da tsaftatacciyar reza, ka bar masa ɗan kara santimita 2 ko 3. Shanya shi a inuwa kwana 3 zuwa 7, ka kafa a busasshiyar ƙasa, kada ka ba shi ruwa sai ka ɗan ja shi ka ji ya riƙe. Kututturen da ya saura kada ka yar, in ka bar masa ganye biyu ko uku zai fitar da 'ya'ya da yawa.

Na shuka ganyen mai ratsin fari, ɗan ya fito kore. Me ya sa?

A yawancinsu ratsin ya samo asali ne daga zaman ƙwayoyin halitta iri biyu a tsiro ɗaya, masu kulorofil da marasa shi. Toho daga ganye kan ɗauko iri ɗaya ne kawai, ya fito kore tsantsa, ko fari fat wanda zai mutu da zarar uwar ganyen ta ƙare. Yankan kai da raba 'ya'ya su ne hanyar da ta fi riƙe ratsin. In reshe kore ya ɓullo a jikin mai ratsi, yanke shi da wuri, ya fi ƙarfi kuma zai mamaye. Farin ɓangaren na saurin ƙonewa, a rage musu rana.

Wani farin abu mai kama da auduga ya fito a lungun ganye. Mene ne?

Ƙwaro ne mai tsotsar ruwan tsiro, kuma shi ne babban abokin gabar mai tarawa. Yana ɓuya a tsakiyar kai da ƙarƙashin busassun ganye, sabon ganye ya riƙa fitowa a karkace. Ware tsiron nan take. Tsoma auduga a sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka dangwala wa kowane ɗaya, ka maimaita duk mako har wata guda saboda ƙwan da ke ƙyanƙyashewa daga baya. Yi da yamma, kada rana ta same shi a jiƙe. Maganin feshi mai mai yana wanke hodar ganye, a kula.

Akwai irinsa da ke zama a saiwa. In tsiro ya tsaya cak ba dalili, zare shi ka duba ko akwai fari-fari a saiwa da bangon tukunya. A wanke saiwar, a zubar da ƙasar. Tururuwa na hawa da sauka a tukunya alama ce, domin zaƙin da ƙwarin ke fitarwa suke bi, har ɗaukar su suke yi daga tsiro zuwa tsiro. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke tashi daga ƙasa kuwa shaida ce ƙasar ba ta bushewa. Duk sabon tsiro ya yi mako 2 ko 3 a ware kafin ya shiga cikin sauran.

Gindin ya yi baƙi ya yi laushi. Akwai ceto?

In ruɓar ba ta kai kan tsiron ba, akwai. Yanke sama da baƙin, ka duba bakin yankan. Muddin akwai ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa a tsakiyar karan, goge rezar da sifirit ka sake yankewa sama har sai ka ga tsabtataccen nama. Daga nan bi matakan yankan kai da ke sama. In ta riga ta kai tsakiya, ɓalle ganyen da suka rage da tauri ka gwada sa'a. Tsohuwar ƙasar ba a sake amfani da ita.

Wai suna barci? Kuma yaya zan yi da su a tsananin zafi da damina?

Suna yi, kuma ba lokaci ɗaya ba. Echeveria da kaktus da yawancin Euphorbia, wato dangin tinya da aguwa, a lokacin ɗumi suke girma, su huta da sanyi. Aeonium da Conophytum akasin haka ne, domin a mahaifarsu da sanyi ake ruwa. In zafi ya zo, Aeonium ya tsuke kansa ya zubar da ganyen ƙasa, Conophytum kuma ya lulluɓe da busasshiyar fata har ka rantse ya mutu. Mai barci ba ya sha, ruwan da ka ba shi ruɓa zai zama.

In zafi ya haura digiri 35 na Salshiyas, da yawansu tsayawa suke yi ko da lokacin girmansu ne. Haɗuwar zafi da laima ita ce mafi muni. A irin wannan yanayi, sa su ƙarƙashin rufin da ke tare ruwan sama amma ba ya tare haske, ka bar tazara tsakanin tukwane iska ta ratsa, ko ka kunna musu fanka. Ban ruwa ya zama da yamma bayan tukunya ta huce. Sempervivum na jure ƙanƙara amma narkewa yake a ƙasashen zafi, Echeveria kuwa dare ɗaya na daskarewa ya ishe ta. Wanda ke wuri mai zafi duk shekara zai fi jin daɗin Haworthia, Gasteria, ƙananan aloe, Kalanchoe da Euphorbia.

Me ya sa Lithops ke mutuwa a hannun kusan kowa?

Saboda ana ba shi ruwa tare da sauran. Tsiro ne na hamadar Namibiya da Afirka ta Kudu da wani yanki na Botsuwana, ganye biyu ne kacal a haɗe, a nutse cikin ƙasa, samansu kawai ke waje da wata 'yar taga da haske ke bi ya shiga ciki. Wani mai binciken halittu ɗan Ingila, William Burchell, ya ci karo da shi a 1811 a Afirka ta Kudu, ya ɗauka dutse ne sai da ya ɗaga. Masanin tsirrai N. E. Brown ne ya ba shi sunan Lithops a 1922.

Sau ɗaya a shekara yake sabon ganye. Bayan ya yi fure, fari ko rawaya mai buɗewa da la'asar, sabbin ganye biyu kan fara girma a ciki, tsagar tsakiya ta buɗe, su leƙo. Ruwan tsofaffin suke sha. Daga nan har tsofaffin su bushe su zama ɓawo, ko ɗigo kada ka ba shi, ko da watanni ne. In ka ba shi, tsofaffin su ƙi bushewa, ganye ya hau kan ganye, ya fashe ko ya ruɓe. A tsananin zafi ma hutawa yake. Ba shi tukunyarsa shi kaɗai, mai zurfin santimita 10 saboda doguwar saiwarsa, da ƙasa mai tsakuwa kashi 80 zuwa 90.

Gaskiya ne in sun yi fure mutuwa suke?

Wasu ne. Sempervivum, da yawancin Aeonium, da Agave, kan da ya yi fure shi ke nan, amma yakan bar 'ya'ya ko wasu rassa. Duba inda sandar furen ta fito: in tsakiyar kan ne ya miƙe ya zama fure, wannan kan ya gama. In daga gefe ta fito tsakanin ganye, kamar a Echeveria da Haworthia, babu komai. Sandar na jawo ƙwari, tana kuma cin ƙarfin ƙaramin tsiro, ba laifi in an yanke ta.

Akwai masu guba?

Akwai. Duk Euphorbia, dangin tinya da aguwa, farin ruwansu na ƙona fata, in ya shiga ido kuma a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Kalanchoe da Cotyledon da Tylecodon na da gubar da ke taɓa zuciya, an san su da kashe awaki da tumaki a kudancin Afirka. Crassula ovata na cutar da kyanwa da kare. Echeveria da Haworthia da Sempervivum ba a san su da guba ba. Duk da haka, a ɗaga tukwane inda hannun yara ba ya kaiwa.

Sunayen sun rikita ni. Yaya mai tarawa ke tsara kayansa?

Kalmar farko sunan jinsi ce, ta biyu nau'i. Da yawa sunayen mutane ne: Echeveria don tunawa da Atanasio Echeverría, mai zanen tsirran Meziko a ƙarshen ƙarni na 18, Haworthia kuma Adrian Haworth na Ingila. Sunan da ke cikin alamar zance guda, kamar 'Lola', wanda masu reno suka samar ne, kuma in an shuka ƙwayar irinsa ba ta haifar da kamarsa, sai ta ganye ko yanka. Graptoveria da Sedeveria da Pachyveria barbarar Echeveria ce da wasu jinsunan. Masu sayarwa kan laƙa sunayen kasuwa, tsiro ɗaya ya amsa suna uku.

Rubuta suna da ranar samu a ɗan allon roba da fensir, tawada gogewa take a rana. Shawarata, bayan ka gwada iri-iri na shekara guda, duba waɗanda suka yi kyau a wurinka ka zurfafa a jinsinsu. Tukwane 20 masu lafiya sun fi 100 da ke jiran mutuwa.

Zan iya yin odarsu daga wata ƙasa? Me zan kiyaye?

Ana yi, amma da takardu. Yawancin ƙasashe na neman takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma ba a shigo da shi da ƙasa, saiwa tsirara ake aikowa. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, wadda ta fara aiki a 1975, ta shafi kusan duk kaktus, da Euphorbia masu ajiyar ruwa, da aloe in ban da Aloe vera. Tambayi hukumar kula da shigo da tsirrai ta ƙasarka kafin ka biya.

Akwai kuma batun sata daga daji. Yankin Karu na Afirka ta Kudu da Namibiya, wanda ke ɗauke da kusan sulusin nau'o'in tsirran nan na duniya, ya sha wawaso har Afirka ta Kudu ta sa Conophytum a jerin CITES a 2023. Jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta yi dokar hana tumɓuke Dudleya, wani jinsin tsirran nan, daga daji a 2021. Wasu nau'o'in a kan tudu ɗaya tak suke a duk duniya, buhu kaɗan ya isa ya share su. Na daji ana gane shi: tsohon curi ne mai tabo da karkacewa, saiwarsa a datse, babu biyu masu kama da juna. Na gidan reno kuwa girmansu ɗaya, jikinsu sumul, saiwarsu cikakkiya. Tambayi mai sayarwa ko daga iri aka rene shi.

In kunshin ya iso, buɗe shi a inuwa, cire busassun ganye da matattun saiwoyi, duba lunguna ko akwai ƙwaro, ka dasa a busasshiyar ƙasa. Ruwa sai bayan mako guda, rana kuma sai bayan mako biyu, ita ma ta safe.